Gani Ya Kori Ji? Hoton Yaƙi a Matsayin Shaidar Tarihi, 1855 zuwa 1945

1. Gabatarwa

Hausawa suka ce gani ya kori ji. Tun da aka bayyana dabarar ɗaukar hoto a birnin Faris cikin 1839, mutane suka ɗauka maganar nan ta sami gindin zama, don kuwa ga abin da zai kawo wa mutum gani har cikin ɗakinsa, ko da abin ya auku ne a wata nahiya tun kakansa bai zo duniya ba. Kowane malamin tarihi a kwalejin horon malamai ya san ƙarfin hoto. Yakan yi sa'a guda yana bayanin Yaƙin Duniya na Biyu ɗalibai suna gyangyaɗi, amma da zarar ya ɗaga hoton soja ɗaya cikin dajin Bama sai aji ya farka. Abin da ke da ƙarfi irin wannan ya cancanci a bincike shi kafin a miƙa wa waɗanda gobe za su koyar da yara.

Kalmar hoto kanta baƙuwa ce, daga Ingilishi muka aro ta. Ta zo da harafin f, amma da yake a Hausa f yakan koma h in ya gabaci o ko u, kamar yadda ake jin fura da hura, ko fuɗu da huɗu, sai foto ya zama hoto. Abin da ya fi jan hankali shi ne aikatau da muka haɗa ta da shi. Sura zana ta ake yi, kuma kowa ya ji an ce zane ya san akwai hannu da ra'ayi a ciki. Hoto kuwa ɗaukarsa ake yi, kamar yadda ake ɗaukar ƙwarya a ƙasa, watau abin yana nan ajiye, mutum ya zo ya ɗaga shi ɗungum. Daga baya kuma mu ce an wanke shi, sai ka ce dauɗa kaɗai aka kawar. Harshen da kansa yana gaya mana cewa babu wanda ya sa hannu. Tarihin hotunan yaƙi ya nuna akwai gyara a wannan zance.

A ganina hoto shaida ne, kuma alƙali ba ya karɓar shaida sai ya san ko wane ne, da inda ya tsaya sa'ad da abin ya auku, da wanda ya gayyato shi. Takardar nan za ta bi tambayoyi huɗu da ya kamata a yi wa kowane hoton yaƙi, kowace tambaya da misalinta, sa'an nan ta gwada su a kan hotunan sojan Afirka ta Yamma a Bama, waɗanda suka fi shafarmu.

2. Abin da na'ura ta iya

Yaƙin Kirimiya, wanda aka yi daga 1853 zuwa 1856 tsakanin Rasha a gefe guda da Turkiyya da Ingila da Faransa a ɗaya gefen, shi ne yaƙi na farko da aka ɗauki hotunansa masu yawa bisa tsari. Roger Fenton ya sauka tashar Balakilaba cikin Maris 1855, ya tashi cikin Yuni, ya koma Ingila da hotuna wajen 360. Wanda ya dube su yau zai yi mamaki. Ga hafsoshi zaune suna shan abin sha, ga tantuna jere a kan tudu, ga jiragen ruwa cunkushe a tasha, ga dawaki da igwa. Babu hoton faɗa ko ɗaya.

Dalili na farko yana cikin kayan aikin. A zamanin nan babu fim. Farantin gilashi ake shafa wa wani ruwan magani mai kauri, a tsoma shi cikin ruwan azurfa a ɗaki mai duhu, a saka shi cikin akwatin ɗaukar hoto tun yana jiƙe, a buɗe idon akwatin, a rufe, a ruga da shi ɗakin duhu a wanke kafin ya bushe. Duk wannan sai an gama shi cikin minti goma ko sama da haka kaɗan. Saboda haka Fenton ya sayi keken doki na wani mai sayar da giya ya mai da shi ɗakin duhu, yana jansa duk inda za shi, shi da mataimakinsa Marcus Sparling. Idon akwatin kuwa sai ya zauna a buɗe daga daƙiƙa uku har zuwa ashirin. Duk abin da ya motsa cikin wannan lokaci sai ya fito kamar hazo, ko ya ɓace gaba ɗaya. Doki mai sukuwa da soja mai gudu ba su da hanyar shiga irin wannan hoto.

Wannan ya koya mana cewa natsuwar da ake gani a tsofaffin hotunan yaƙi natsuwar na'ura ce. Mutanen da suka daskare suna kallonmu an ce musu ne kada su motsa. Sai da aka fito da ƙaramar kyamara Leica cikin 1925, mai ɗaukar hoto 36 a nadi guda na fim, aka kuma sami fim mai saurin kama haske, sa'an nan mai hoto ya iya shiga cikin sahun mayaƙa. Da irin waɗannan ƙananan na'urori Robert Capa ya sauka gaɓar Nomandi tare da sojan Amurka ran 6 ga Yuni 1944. Wanda ya jera hoton Fenton da na Capa ya ce yaƙin da ya fi na baya tsari, to, kyamarori biyu ya gwada, bai gwada yaƙe-yaƙe biyu ba.

3. Wanda ya biya, da wanda ya ba da izini

Na'ura ta hana Fenton ɗaukar faɗa, amma ba ta hana shi ɗaukar gawa ba, don gawa ba ta motsi. Duk da haka babu gawa ko ɗaya cikin hotunansa, alhali mafi yawan sojan Ingila da suka mutu a Kirimiya kwalara da atuni da zazzaɓi ne suka kashe su, kuma wakilin jaridar Times, William Howard Russell, ya riga ya cika Ingila da labarin wahalarsu. Fenton da kansa ya kamu da kwalara kafin ya bar ƙasar. Sai dai wani ɗan kasuwa na Manchesta, Thomas Agnew, shi ya ɗauki nauyin tafiyar don ya sayar da hotunan, masu saye kuwa iyalan hafsoshi ne da masu hali. Fenton ya kuma tafi da takardun gabatarwa daga fadar Ingila. Baƙon manya ba ya ɗaukar abin da zai kunyata masu masaukinsa.

Bayan shekara bakwai aka ga abin da ke faruwa in babu mai hanawa. A yaƙin basasar Amurka, ran 17 ga Satumba 1862, aka gwabza a bakin rafin Antitam, aka rasa mutum wajen 23,000 a yini guda, tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace. Bayan kwana biyu Alexander Gardner da James Gibson suka isa filin, tun ba a gama binne gawawwaki ba, suka ɗauka. Cikin Oktoba aka baje hotunan a shagon Mathew Brady a birnin Niyok, mutane suka yi ta tururuwa. Shi ne karo na farko da jama'ar Amurka suka ga matattun yaƙinsu kwance yadda suka faɗi.

Hukumomin soja sun ɗauki darasi. A Yaƙin Duniya na Farko sojoji da yawa sun tafi da ƙaramar Kodak ta aljihu wadda ta fito cikin 1912, kuma da irinta aka ɗauki sojan Ingila da na Jamus tsaye tare ranar Kirsimati ta 1914, sa'ad da suka ajiye makamai da kansu. Jaridun Landan suka buga cikin Janairu 1915. Cikin Disambar nan ta 1914 hukumar sojan Ingila ta haramta wa soja ɗaukar hoto a bakin dāga, sai cikin 1916 ta naɗa masu hoto nata, na farkonsu Ernest Brooks. A Yaƙi na Biyu kuma Amurka ta yi wata ashirin da ɗaya tana yaƙi kafin ta yarda a buga hoton gawar sojanta. Mujallar Life ta buga shi ran 20 ga Satumba 1943: sojoji uku kwance a rairayin gaɓar Buna a tsibirin Niyu Gini, ba a ganin fuskar ko ɗaya. George Strock ya ɗauke shi watanni da yawa kafin nan. An sake shi ne da hukuma ta ga jama'a sun fara sakin jiki, suna zaton nasara ta zo da arha. Watau hanawar da sakin duka biyu shawarar hukuma ce, kuma ranar da aka buga hoto tana da labarinta dabam da ranar da aka ɗauke shi.

4. Hannun da ya taɓa

Hoton Fenton da ya fi shahara shi ne na wani kwari kusa da Sabastafol wanda sojoji suka laƙaba wa Kwarin Inuwar Mutuwa, saboda ruwan harsasan igwa da Rasha ke zubawa cikinsa. Ya ɗauke shi ran 23 ga Afrilu 1855. Babu mutum, babu itace, sai hanya da duwatsu da ƙwallayen ƙarfe. To, ashe faranti biyu ne, daga wuri ɗaya, a rana ɗaya. A ɗaya harsasan suna cikin lambatun gefen hanya kaɗai, a ɗayan kuwa sun bazu har bisa hanyar. An daɗe ana gardama a kan wanda ya riga. Cikin 2007 Errol Morris da abokan bincikensa suka lura da waɗansu ƙananan duwatsu a jikin gangaren, waɗanda a farantin da ke da harsasai bisa hanya sun ɗan gangaro ƙasa. Dutse ba ya hawa tudu da kansa. Ƙafafun mutane ne suka ture su tsakanin ɗauka ta fari da ta biyu, saboda haka hanyar da babu kome ita ce ta farko, daga baya aka ɗora harsasan. Waɗansu masana suka ce Fenton ne ya sa aka jera don hoton ya yi kwarjini, waɗansu suka ce sojoji ne ke tattara su don a sake harbawa. Ko wanne ne, hanyar binciken ita ce abin koyi: ba a tambayi harsasan da kowa ke kallo ba, aka tambayi tsakuwar da babu wanda ya kula da ita.

Na Gardner ya fi wannan nauyi. Bayan faɗan Getisbag cikin Yuli 1863 ya ɗauki hoton wani saurayi, sojan Kudu, kwance bayan tarin duwatsu tsakanin manyan duwatsu biyu, bindigarsa jingine. Cikin littafinsa na 1866 ya ce gwanin harbi ne da ya mutu a maɓoyarsa. Cikin 1961 Frederic Ray ya gane cewa gawar nan ita ce dai aka ɗauka a wani fili can gefe, William Frassanito kuma ya bi diddigin abin cikin 1975. An ɗauko mamacin ne bisa bargo aka kawo shi wurin da ya fi kyan gani. Bindigar ma irin ta sojan ƙasa ce, ba ta gwanayen harbi ba. Saurayin ya mutu a Getisbag da gaske, tufafinsa da shekarunsa gaskiya ne, amma wurin mutuwar da labarin duk ƙage ne.

Ran 2 ga Mayu 1945 Yevgeny Khaldei ya hau rufin majalisar Jamus a Barlin da jar tuta wadda wani tela ɗan'uwansa ya ɗinka masa da zannuwan tebur. An riga an kafa tuta a ginin tun daren 30 ga Afrilu, cikin duhu, ana kan faɗa, babu hoto. Khaldei ya sami sojoji suka hau suka maimaita. Kafin a buga, aka lura cewa wanda ke tallafe da mai riƙe tutar yana da agogo a kowane hannu, abin da zai sa a ce ganima ce, sai aka kankare ɗaya da allura, aka kuma ƙara hayaƙi a sararin sama.

Kada wannan ya sa ɗalibi ya ce duk hoton da ya yi kyau shiri ne. Joe Rosenthal ya ɗauki sojan Amurka shida suna ɗaga tuta bisa dutsen Suribaci a tsibirin Iwo Jima ran 23 ga Fabrairu 1945. Bayan nan ya tara sojoji a gindin tutar ya ɗauke su suna murna. Da aka tambaye shi ko shirya hoton ya yi, ya zaci na biyun ake nufi, ya ce i. Zargin ya bi shi har ƙarshen ransa. Abin da ya wanke shi fim ne da Saje Bill Genaust ya ɗauka yana tsaye kusa da shi, wanda ya nuna tutar tana tashi sau ɗaya ba tare da an tsai da kowa ba. Gaskiya ne tuta ta biyu ce, an sa ta ne a madadin wata ƙarama da aka kafa da safe. Gaskiya ne kuma hoton yana kama da ranar nasara, alhali rana ta biyar ce ta faɗan da ya kai har 26 ga Maris, uku daga cikin shidan nan ma ba su bar tsibirin da rai ba.

5. Rubutun da ke ƙasan hoto

Hoto ba ya faɗin suna, ko rana, ko gari. Duk waɗannan daga rubutun da ke ƙasansa suke fitowa, rubutu kuwa ji ne, ba gani ba. A nan ne karin maganarmu ta juya, don mai kallo yakan karanta layin nan tukuna, sa'an nan idonsa ya ga abin da aka gaya masa. Gawar Getisbag ba ta ce ita gwanin harbi ce ba, alƙalamin Gardner ne ya ce.

Ko inda babu niyyar yaudara, kuskure yana shiga. Hoton Iwo Jima yana cikin waɗanda aka fi bugawa a duniya, an zuba shi da tagulla, hukuma ta yi bincike a kansa tun 1945. Duk da haka sau uku ana gyara sunayen mutanen da ke ciki: cikin 1947, da 2016, da 2019. A gyare-gyaren baya masu binciken sa-kai ne suka fara gano kuskuren, ta wajen duban ɗamara da hular ƙarfe da naɗin ƙafar wando. In haka ta sami hoton da ƙasa guda ta zuba wa ido shekara saba'in, mai karatu ya auna abin da zai sami hoton farabitin da aka ɗauka a bakin wani kogi a Arakan. Sunan mai ɗauka ma abin bincike ne. Hotuna da yawa na yaƙin basasar Amurka sun fito da sunan Brady, alhali yaransa ne suka ɗauka, shi mai shago ne.

6. Hotunan Bama

Sojan Afirka ta Yamma wajen 90,000 aka kai Indiya da Bama, mafi yawansu 'yan Nijeriya. An kafa Runduna ta 81 cikin Maris 1943, alamarta baƙin gizo-gizo, ta 82 kuma cikin Agusta na shekarar, alamarta māsu biyu gicciye bisa gammo. Birged ta uku, watau bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta sojan Nijeriya, an cire ta aka haɗa da mayaƙan Janar Wingate da ake kira Cindit, waɗanda aka sauke da jiragen sama a bayan sahun Japan cikin 1944. Sauran Runduna ta 81 ta shiga kwarin Kaladan a farkon 1944, ta sare hanyar mota mil saba'in da wani abu cikin duwatsu da kurmi, abincinta da harsashinta duk daga sama ake jefo mata. Cikin Janairu 1945 rundunonin biyu suka kama Myohaung. Sunayen nan ba baƙi ba ne a gare mu, don suna jikin barikoki: Dalet a Kaduna, Cindit a Zariya, Myohaung a Ikko, Letmauk a Badun.

Hotunan wannan yaƙi mafi yawansu suna Gidan Tarihin Yaƙi na Landan, wanda aka kafa cikin 1917, mai ajiye da hotuna fiye da miliyan goma, kuma ana iya duba da yawa ta intanet. Mu gwada musu tambayoyinmu. Na'ura ta riga ta ƙanƙance, amma kurmi yana da duhu, damina tana ruɓar da fim, faɗan kuwa yawanci kwanton ɓauna ne ko harin dare, saboda haka abin da ya fi fitowa shi ne tafiya, da ƙetare kogi, da tsintar kayan da jirgi ya jefo. Masu ɗauka sojoji ne na hukumar Ingila, galibi masu muƙamin saje, kowane hoto kuma sai ya bi ta hannun mai tacewa. Manufar ita ce a nuna daula mai haɗin kai. Ta hannun hukuma ɗin dai labarin yaƙi ya iso Arewa, a Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya cikin Janairu 1939, da takardar Suda da aka ƙaro cikin 1941 don labarin yaƙi, da motocin majigi masu yawo gari gari. Kalmar majigi ma daga sunan fitilar nan ta haska hoto a bango ta fito, wadda Turawa ke kira fitilar sihiri.

Saboda haka akwai abubuwan da ba za a tarar cikin hotunan ba. Cikin Maris 1944 Japan ta juyo da hari a Kaladan, Runduna ta 81 ta ja da baya cikin wahala. A wannan wata aka harbi Isaac Fadoyebo, wani saurayi ma'aikacin asibitin soja daga ƙasar Owo, aka bar shi a bakin kogi ana zaton ya mutu. Wani manomi Musulmi na ƙauyen, Shuyiman, ya ɓoye shi tare da abokinsa David Kargbo na Saliyo har wata tara. Babu kyamarar da ta ga wannan. Mun san shi ne don Fadoyebo ya rubuta da hannunsa, aka buga cikin 1999. A nan ji ne ya cike gurbin gani.

Rubutun ƙasan hotunan kuma sau da yawa yakan ba da sunan hafsa Bature da muƙaminsa, in ya zo kan baƙin soja sai ya ce wani sojan Afirka ta Yamma, ko ya ce Bahaushe. Kalmar nan ta biyu tana bukatar hattara. Hausa ita ce harshen bariki a rundunar Nijeriya, hafsoshi Turawa ma jarrabawarta suke ci, daga nan ne muka gaji soja da kofur da saje da samanja da fareti. Saboda haka a bakin Bature duk wanda ya amsa umurni da Hausa Bahaushe ne, ko Babarbare ne, ko Bazabarme, ko mutumin Filato ko na Binuwai.

To, a nan ne mu muke da abin da mai rubuta bayanin ba shi da shi. Hoto yakan kama fiye da abin da mai ɗauka ya nufa. Sajen nan Bature ya nufi ya nuna sojan Sarkin Ingila yana murmushi, amma gilashin kyamararsa ya kwashe tsagar da ke kumatun sojan, kuma dattijon Sakkwato ko na Barno zai dubi tsagar nan ya bambanta Bagobiri da Bakabe da Babarbare. Ya kwashe layar da ke dantse, da irin naɗin gammo, da yadda aka riƙe adda. Tufafi ma suna faɗin lokaci. Jar dara da jar ɗamara da ƙafa babu takalmi kayan fareti ne na kafin yaƙi, koren kaki da malafa mai faɗin baki da takalmin soja kuwa na Bama ne. Jerin mutanen da ake gani da kaya a ka, waɗanda mai kallo zai wuce su ya ce 'yan dako ne, sojoji ne na rukunin ɗaukar kaya, kuma su ne suka sa rundunar ta iya ratsa inda mota da alfadari suka kāsa. Runduna ta 82 ta san haka, shi ya sa ta sa gammo a alamarta.

7. Abin da ya rage ga malamai

Wanda ya bi misalan nan zai ga cewa binciken hoto ba ya rage masa daraja. Kwarin Fenton ya fi daɗin kallo ga wanda ya san labarin tsakuwoyin nan. Shawarata ga malamin aji ita ce ya rufe rubutun ƙasan hoto da takarda, ya sa ɗalibai su lissafa abin da idonsu ya gani kaɗai, ba tare da fassara ba. Sa'an nan ya buɗe rubutun, su ware abin da hoton ya tabbatar da abin da rubutun kaɗai ya faɗa. Daga nan su tambayi inda mai ɗauka ya tsaya, don wanda ya ɗauki fuskar soja mai kai hari yana gabansa ne, watau tsakaninsa da abokan gaba, kuma wannan wuri ne da ba a cika tsayawa ba sai a filin horo. A ƙarshe su nemi wata shaida ta biyu, ko rubutacciya ko ta baka, su gwada.

Akwai kuma aikin da ba zai jira ba. Ban da hotunan hukuma, akwai irin wanda soja kan shiga shago ya ɗauka sanye da kakinsa ya aiko gida. Irin wannan shi ne hoton da sojan ya zaɓa da kansa, ya tsaya yadda yake so a gan shi, kuma shi ne kaɗai wanda ke tare da mutanen da suka san sunansa. Waɗanda suka je Bama kusan duka sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu ma sun tsufa. Hotunan suna cikin adaka da bayan madubi, gara da danshi suna cinsu. Kowace kwaleji tana da ɗalibai daga garuruwa hamsin ko fiye. In kowane ɗalibi ya tafi hutu da umurnin ya nemi hoto ɗaya, ya roƙi izinin masu shi ya kwafe shi da kyamarar wayarsa gaba da baya, ya rubuta sunan mai hoton da na mahaifinsa da garinsu da lambarsa ta soja in an sani, da abin da iyali suka ji daga bakinsa, to cikin shekara biyu za a tara abin da babu irinsa a Landan. Asalin hoton a bar wa masu shi, a gargaɗe su kada su manna shi da gam ko su liƙe shi cikin roba, in za a yi rubutu a bayansa a yi da fensir. Kwafen kuwa a kai Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda mai bincike zai iya jera su kusa da na hukuma. Wanda bai dawo ba, a nemi sunansa a rajistar hukumar kula da kaburburan yaƙi, wadda ta ƙunshi sunaye kusan 27,000 da aka sassaƙa a dutsen tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, da na mutanenmu a ciki. Ta haka wata rana za a iya ɗaukar hoton da aka rubuta wa wani sojan Afirka ta Yamma, a rubuta sunansa da na garinsu a ƙasa.